Matakalar Hankaka Uku

Lincoln, 9 ga Fabrairu, 1988

Clive ɗinmu,

Gaisuwa mai yawa gare ka kai da Raelene, da fatan zafin Ostareliya bai gama gasa ku ba. Mu nan ruwa ne ba dare ba rana, tun Kirsimeti rabona da ganin inuwata. Maigidana Gordon yana fama da bayansa, ko in ce ni nake fama da shi, tunda ni ke shan mitar. 'Yan matan lafiyarsu ƙalau. Baba yana nan, sai ɗan ƙirjin nan nasa da ka sani. Ya ce in gaishe ka, in kuma ce maka ka daina aiko masa da safa, ƙafa biyu gare shi.

Na samu wasiƙarka. Ka ce in zaga in dubo maka tsofaffin otal-otal na cikin gari da kewaye, masu tarihi, inda za mu kwana biyu mu duka idan kun zo a watan Mayu bikin cikar Baba shekara tamanin. Ka ce kana son matarka ta ga Ingila ta ainihi. To, yayarka ta ɓata hutun Asabar ɗinta ta gano maka Ingila ta ainihi, ga kuma abin da ta gani.

Na fara da tsohon gidan limamin cocin nan na kan hanyar Wragby, wanda wasu 'yan Landan suka saya suka mai da shi masauki. Daga waje sai ka ce hoton kalanda. Kana shiga kuwa warin danshi da warin kare ne za su yi maka maraba. Matar gidan ta nuna mini wani tabo a bango, ta ce ya girmi kakarmu, tana faɗa tana hura hanci. Na ce mata ni ma akwai irinsa a bayan gidana, ban dai san ana biya a gani ba. Ba ta yi dariya ba.

Daga nan sai tsohon gidan niƙa na bakin kogi. Ɗakunan ba laifi, amma ruwa ne ke ruri a ƙarƙashin gado, Gordon ya ce shi idan ya kwana a nan a hanyar bayan gida zai ƙare. Ƙofofin kuma an yi su ne don mutanen da ba su taɓa ƙoshi ba. Ya buga goshi a katakon saman ƙofa, mai gidan ya ce masa ai duk baƙi suna bugawa, kamar wata kyauta ce ya ba shi.

Na ukun, wanda na san kunnenka ke jira, shi ne Hankaka Uku, can saman tudu bayan babban coci. E, yana nan yadda ka bar shi, sai ma ƙara karkacewa da ya yi. Ba zan yi maka ƙarya ba, yana da kyau. Amma ƙasansa mashaya ce da ɗakin cin abinci, babu ɗakin kwana ko ɗaya. Ɗakunan duk suna sama, wanda suke taƙama da shi kuwa, mai gadon nan mai rumfa da labule, shi ne can ƙarshe, ƙarƙashin rufi. Matakalar ga ƙunci ga duhu, tana ta murɗewa, kowane taki da nasa tsayin. Ni da nake yini a tsaye a gidan burodi sai da na huta a hanya.

Ga shawarata. Mu sauka a sabon otal ɗin nan na bakin babbar hanya. Na sani, kamar kwalin takalmi yake, ba tarihi ba komai. Amma akwai lif mai hawa da mutum sama ba sai ya taka bene ba, akwai ɗakuna a ƙasa, akwai ɗumi, idan ka murɗa famfo ruwan zafi ne ke zuwa ba tari ba. Ga sauƙin kuɗi. Zai fi wa Baba. Da safe sai mu sa Raelene a mota mu kai ta ta kalli tsofaffin katakai har sai ta ce ta gaji.

Ka ba ni amsa da wuri, don a watan Mayu wuraren nan cika suke yi.

Yayarka,
Lorna

Port Hedland, 1 ga Maris, 1988

Lorna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Gordon da 'yan matan. Mu lafiya lau, sai zafi da jar ƙura. Idan na sauko daga kan injin ɗaga kaya da yamma, Raelene takan ce ba ta san mijinta ba sai an wanke shi. Ta yi dariya har da hawaye kan labarin tabon bango. Ki ce wa Baba wata safar na nan tafe.

Amma haba, Lorna. Kwalin takalmi? Unguwar da nake zaune duk gidajen kwano ne, na girmi mafi tsufansu. Sai in ratso rabin duniya in zo in kwana a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci? Na ga inda kika sako maganar sauƙin kuɗi. Ba na ce ni zan biya komai ba? Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai taɓa aljihun Gordon.

Kuma ba don Raelene ba ne kaɗai, ke ma kin sani. Shekara da shekaru Baba yana sauke kwal a Hankaka Uku, buhu a gadon baya, yana juye shi ta ramin nan na gefen titi. Ranar da zan bar gida muna zaune a kicin, ban ma san yadda maganar ta taso ba, sai ya ce mini, "Rabin rayuwata ina ɗumama ɗakunan gidan nan, ban taɓa ganin ko ɗaya ba." Da dariya ya faɗa, amma ni ban ji ta a dariya ba, har yau tana nan a raina.

Ban zo jana'izar Mama ba. Ban zo auren 'yarki Denise ba. Na san abin da ake cewa a kaina a layinmu, ba sai an gaya mini ba. Wannan guda ɗaya dai ki bar ni in yi. Ina so in ga tsohon nan kishingiɗe a kan gadon nan mai rumfa, an hau masa da shayi a faranti, wani yana ce masa yallaɓai. Ɗakin saman nake so, ba wani ba.

Ƙirjinsa kuwa, ai tun muna yara yake wannan tarin, da shi muke gane ya dawo gida.

Ƙanenki,
Clive

Lincoln, 15 ga Maris, 1988

Clive,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Na gama gaisuwa.

Kuɗi? Duk abin da na zauna na rubuta, shi kaɗai idonka ya gani? To bari in gaya maka abin da aka hana ni faɗa, idan Baba ya ji kuwa sai ya yi wata bai kula ni ba.

Ba tarin da ka sani ba ne. Ƙurar kwal ta gama da huhunsa, yanzu kuma zuciyar ce ta gaji da jan kayan. Tun kafin Kirsimeti ni da Gordon muka sauko masa da gadonsa falo, don ba ya iya hawa benen gidansa. Daga ƙofa zuwa shinge sai ya tsaya, ya yi kamar yana duba furanni. Fure a watan Maris, a gonar Baba! Likita ya biyo ni har bakin mota ya ce mini kada ya hau bene, kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Da na ce zan rubuto maka, sai Baba ya ajiye jarida ya ce, "Kada ki kuskura. Yaron nan yana da aikinsa. Ba na son a yi ta hayaniya a kaina."

Na ce, "Baba, ɗanka ne fa."

Ya ce, "Shi ya sa. Ɗora mana ruwan shayi."

Shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye a wasiƙar farko, ina zaton za ka gane. Ashe na manta da wa nake magana.

Duk da haka na sake komawa Hankaka Uku, don kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Manajar wata ce Misis Thorold, mai murmushi kamar an manna mata shi. Na tambaye ta ko za a iya sa gado ɗaya a ƙasa, kwana biyu kawai. Ta ce ayya, ai ƙasa wurin cin abinci ne. Na ce to ko ƙarfen dafawa a jikin matakalar? Ta ce hukuma ta sa gidan cikin gine-ginen da ba a taɓawa, ko ƙusa ba ta isa ta buga ba sai ta nemi izini. Akwai dai wata igiya a jikin bango, ita ma igiyar wai ta tarihi ce. "Ai yawancin baƙinmu saboda matakalar nan suke zuwa," in ji ta. Abin da ya zo mini baki ba mai daɗi ba ne, amma na haɗiye na ce mata na gode, don haka aka rene mu.

Na san maganar da Baba ya yi maka a kicin, ni ma ya sha yi mini ita. Ba ƙin a girmama shi nake yi ba. Ni dai so nake in ga ya kai tamanin da ɗaya. Kai za ka zo ka yi 'yan makonninka ka koma, ni ce nake durƙusawa in ɗaura masa igiyar takalmi saboda idan ya sunkuya numfashi yanke masa yake yi. Tsoro nake ji, Clive, ka ji na faɗa. Kada ka kama ɗakin nan. Roƙonka nake yi, kai ma ka san ba halina ba ne.

Lorna

Port Hedland, 2 ga Afrilu, 1988

Lorna,

Muna lafiya, Raelene na gaishe ku. Wasiƙarki ta tayar mini da hankali ƙwarai, ranar ko abinci ban iya ci ba. Ranar Lahadi na buga wa Baba tarho.

Lorna, muryarsa garau. Ban yi wani kewaye ba, na ce, "Baba, yaya ƙirjin?" Ya ce, "Ƙalau nake, yaro. Jiya ma dankali na shuka." Na ce an ce gadonka yana falo. Ya ce e, ya fi kusa da talabijin. Sai na ce masa, "Yaya kake ganin Hankaka Uku?"  Can sai ya ce, "Ɗakin sama?" Na ce ɗakin sama. Ya ce, "To, sai a kai kwat ɗina wanki."

Da kin ji yadda ya faɗe ta.

Ban ce ƙarya kike yi ba. Amma tun muna yara idan kika ga ƙurji sai kin kira shi gyambo. Kuma kin daɗe kina riƙe da shi, ina ganin har kin manta cewa namiji ne da ke da ikon cewa ga abin da yake so. Ba baƙar magana nake gaya miki ba, na san abin da kike yi masa, na kuma san ban yi ba.

Na riga na kama ɗakin, tun kafin wasiƙarki ta iso na buga musu. Na saman na Baba, na ƙasansa namu, ku kuma na gefe. Zan iya fasawa, amma bayan abin da na ji a muryarsa ba zan fasa ba.

Ga alkawarina. Ƙafarsa ba za ta taɓa matakalar nan ba. Ni zan goya shi har sama, in kuma sauko da shi. Ya sha goya ni, ai sai in rama. Jirginmu zai sauka Landan ranar Juma'a da safe, mu hau jirgin ƙasa, mu same ku a otal lokacin shayin la'asar. Ki daina fushi.

Clive

Lincoln, 17 ga Afrilu, 1988

Clive ɗinmu,

Muna nan lafiya, ruwan ma ya ɗan tsagaita. A gaida Raelene.

Dankali! Gordon ne ya shuka dankalin, da bayan nasa da komai, Baba na zaune bisa kujera yana gaya masa ba haka ake yi ba. Ranar da ka bugo ina wajen. Numfashin yini guda ya tara ya kashe maka shi a tarho, da ya ajiye kuwa sai da ya dafa tebur ya daɗe yana haki.

Amma na gaji da ja. An kai kwat wanki. Ya yi aski. Ya sa na sayo masa sabon burushin haƙori, wai kada masu gyaran ɗaki su ga tsohon. Duk layin nan ba wanda bai gaya wa ba, har mai kawo madara. Ba zan ɓoye maka ba, rabona da in gan shi haka tun Mama na da rai. Yanzu idan na hana, ni ce muguwar.

To, na riƙe ka da alkawarinka. Ba zai hau ba sai a bayanka. Ka zo da bayan naka lafiya, don Baba ya rame amma har yanzu ƙashi gare shi. Zan gasa burodi mai zabibi, ka ce wa matarka da cuku ake ci, kada ta ba mu kunya.

Sai kun iso.

Yayarka,
Lorna

Port Hedland, 20 ga Yuni, 1988

Lorna,

Mun iso lafiya, na koma bakin aiki. Da fatan kuna lafiya ke da Gordon da 'yan matan, da fatan kuma kina samun hutu.

Duk zaman da na yi a gidanki ba mu yi magana ba. Mun yi maganar furanni, mun yi maganar waƙoƙin da za a rera a coci, mun yi gardama kan ko sanwic zai isa. Da jirginmu ya lalace a Singafo na buga otal na bar saƙo cewa sai Asabar za mu iso. Ranar Asabar kika tare mu a tasha, kika ce, "Baba ya tafi jiya, cikin barci, bai sha wuya ba," kika karɓi jakar Raelene kika yi gaba. Ban tambayi komai ba. Tsoro ne ya hana ni. Na sa wa raina cewa a gida ya cika, a gadonsa na falo, kuma ba wanda ya ce mini ba haka ba.

Amma a wurin jana'iza tsoho Alf maƙwabcinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Ko ba komai dai ya ga ɗakin." Na yi kamar ban ji ba. Ana gobe za mu taso na hau tudu ni kaɗai na shiga Hankaka Uku. Da na faɗi sunana, manajar nan, Misis Thorold, ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce suna baƙin ciki ƙwarai, ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini ambulan. Burushin haƙorinsa ne a ciki, ko jiƙa shi ba a yi ba. Na tsaya a gindin matakalar na ɗaga kai, na kasa hawa.

Na dawo gidanki kina guga, na ce miki yawo na je, kika ce an yi sa'a ba a yi ruwa ba.

Yanzu ga rabin duniya tsakaninmu, watakila sai mu iya. Ki gaya mini, kada ki rage mini komai. Ya hau? Wa ya hau da shi? Matakalar ce? Ya kira sunana?

Ƙanenki,
Clive

Lincoln, 24 ga Yuli, 1988

Clive,

Muna lafiya. Gordon ya kwashe kayan falon Baba, an mayar wa mai gidan hayar makullinsa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, wasiƙarka ta daɗe a bayan agogo ina wucewa ina hararar ta.

Ka ce kada in rage maka komai. To.

Ranar Juma'ar Gordon ya ajiye mu, ni da Baba, a ƙofar otal lokacin shayi ya koma wurin aiki. Baba cikin kwat da lakataye, takalmi sai ƙyalli. Zauren cike yake da mutane, kowa da kofinsa. Misis Thorold ta ba ni saƙonka. Na juya na ce, "Baba, jirgin Clive ya makara, mu koma gida mu dawo gobe." Kuma ya yarda, Clive. Ina so ka san wannan. Ya ce, "To," har ya mai da hularsa ka.

Sai matar nan ta miƙo makulli ta saman tebur, da muryar nan tata da ke kaiwa kowane lungu, ta ce, "Ɗakinka a shirye yake, Mista Odling. Amma za ka iya matakalar kuwa? Takan ba masu shekaru wahala."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Na juya maganar nan ta kowane gefe, ban samu mugunta a cikinta ba. Amma cokula sun tsaya, kawuna sun juyo. Ka san Baba. Ya cire hular ya ce, "Zan iya, Madam, na gode."

Mutumin da ke tsaron mashaya ya fito ya ce shi da mai dafa abinci sai su ɗora shi a kujera su hau da shi, ba wani abu ba ne. Baba ya ce, "Kada ku wahalar da kanku." Na riƙe hannun kwat ɗinsa, na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah." Bai ko dube ni ba, ya ce, "Lorna, mutane suna kallo." Sai na saki. Da na daka masa tsawa, ko na zauna a takin farko na tare hanya, da ya yi fushi da ni har ƙarshen shekara, da yanzu yana nan yana fushin. Amma mutane suna kallo.

Da ƙafarsa ya hau, ina biye da shi da akwati. A kowace kwana akwai hoton doki a bango, to a nan yake tsayawa, ya riƙe igiyar nan, ya ƙura wa hoton ido. "Kyakkyawan doki," in ji shi, idan ya samu iskar faɗa. A tsakiyar hanya muka yi kiciɓis da wasu miji da mata suna saukowa. Ya manne da bango ya ba su hanya, har yana ba su haƙuri. Leɓensa ya riga ya canza launi. Ni kuwa ina bayansa ina jin ƙarar ƙirjinsa kamar ana jan tsohuwar ƙofa.

Ya kai. Na buɗe ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Bai hau gadon ba. Na ce ya kwanta, ya girgiza kai, wai kada ya yamutsa musu shimfiɗa tun da rana. A kujerar gefen murhun jin ɗumi ya zauna. Murhun kuwa an toshe shi tuntuni, an ajiye tulun busassun furanni a ciki, a gefe ga ɗan abin ɗumama ɗaki na lantarki. Ya daɗe yana kallon furannin nan. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka wani abu ne, ashe dariya yake yi ba murya. Ya ce, "Ashe nan kwal ɗin yake zuwa." Daga baya ya juya wajen taga, ga hasumiyoyin coci sun cika ta, ya ce, "Ba laifi." Kai ma ka san daga bakin Baba wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Na ce zan kira likita. Ya ce, "Bari su gama shan shayinsu tukuna." Wannan karon ban saurare shi ba, na sauka da gudu na buga, na dawo. Likita ya zo, amma ba abin da ya zo yi. A kujerar nan ya cika, cikin kwat ɗinsa, rana ba ta ko faɗi ba. Ba cikin barci ba ne. Ya sha wuya, amma ba ta daɗe ba, kuma ina riƙe da shi.

Sauran ba sai ka sani ba, amma kai ka ce. Masu ɗaukar gawa sun zo, makara ta ƙi juyawa a matakalar. Babbansu ya ce irin waɗannan gidaje da dabararsu. Ya naɗe dardumar ɗakin, sai ga wasu katakai a tsakiyar daɓen da ake ɗagewa, mutanen da suka yi su don sauko da akwatin gawa. Akwai irinsu a ɗakin ƙasa, naku da ba kowa a ciki, daga nan kuma sai ɗakin cin abinci. Misis Thorold ta hau, idonta ya yi ja, tana murza hannu. Ta ce duk teburan an kama su, ko za mu iya jira a gama cin abinci? Ka san abin da na ce mata? Na ce, "Ba komai. Ku yi haƙuri, mun dame ku." Da bakina. Na zauna tare da shi, ina jin ƙarar cokula da dariyar mutane ta ƙarƙashin ƙafata, har tebur na ƙarshe ya tashi. Sannan suka zura shi da igiya, hawa biyu, aka sauke shi tsakanin teburan da ba a gama kwashe kwanukansu ba.

Ka tambaya ko matakalar ce. E, ita ce. Na yi makonni ina so in rubuto maka cewa kai ne, wasu ranakun har yanzu haka nake ji, wasu ranakun kuma hannuna nake kallo, wanda ya saki kwat ɗin. Ba zan ce maka ba laifin kowa ba ne, kai ma kada ka rubuto mini haka. Ina kewarsa, ina jin haushinsa, ina jin haushinka, kuma kai kaɗai ka rage mini da zan iya gaya wa.

Ka tambaya ko ya kira sunanka. Na so in ce maka e. Bai kira ba, bai kira nawa ba, bai kira na Mama ba. Da na dawo daga buga tarho ya jawo ni kusa, na kai kunnena bakinsa, ya ce, "Ki gaya wa matar nan ɗakin ya yi kyau, mun gode."

Kuma da za mu fita na tsaya a gaban teburinta na gaya mata.

Yayarka,
Lorna